Jar Motar Da Ke Bayan Ɗakin Inna

Wasunku sun cika min waya da faɗa, wai na cika zargi, wai mace mai shekara ashirin da bakwai in ta samu kamar Anwar ai sai ta yi hamdala ta kama bakinta. Na ji, na kuma gode. Amma ku bari in ba ku labarin abin da ya faru, sannan ku yanke min hukunci. Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Muzdalifa, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Gusau, kuma tun rasuwar Baba daga ni sai Innata a gidanmu na Tudun Wada. Shi kuwa Anwar ɗan Tsafe ne, ma'aikacin gwamnati, dogo mai sanyin murya, irin mutanen nan da ko kwano ya faɗi a bayansu ba sa waiwaye. Tun bayan ƙaramar salla yake zuwa zance wurina duk Alhamis, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya shiga raina.

Matsalata da shi ba mace ba ce. Mota ce.

A bayan ɗakin Inna, tsakanin rijiya da katanga, akwai wata tsohuwar jar mota da na buɗe ido na tarar. Kujerunta biyu kacal, hancinta dogo ya fi rabin jikinta, ga ta ƙasa-ƙasa, in ka zauna ciki kamar a tabarma kake. Tayoyinta sun daɗe da zaunewa, kaji na ƙwai a ƙarƙashin sitiyari, Inna kuma na shanya kuɓewa a kan murfin injin. Babu wanda ya san sunanta na gaskiya, domin duk inda ya kamata a ga tambari sai ka ga ɗan rami. Mu dai Takalmin Baba muke ce mata. Ƙofar da aka shigo da ita ma Baba ya sa an toshe ta da bulo tun kafin in yi wayo, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Da aka zo rabon gado, yayyena suka ɗauki gonakin Mada, ita kuwa aka lissafa ta a ƙarfen gwangwan aka tura ta cikin kasona ana dariya. Yaya Bashar har da cewa an ba ni jarin kiwon kaji.

Anwar bai taɓa ganin ta ba. Kun san gidanmu na Hausa, baƙo namiji iyakarsa zaure, ko da kuwa gobe za a ɗaura. To shi da motar bango ɗaya ne ya raba su, amma bangon nan ya fi masa nisan Legas. Tun zuwansa na biyu ya fara da cewa ya ji labarin marigayi mai son motoci ne. Na ɗauka neman shiga ne, na saki baki na ba shi labarin kaji da kuɓewa, ya yi ta dariya. Sai dai daga ranar duk hirar da muka ɗauko, ko ta aikina ce ko ta damina, sai ta yi kwana ta faɗa bayan ɗakin Inna.

Alhamis ɗin da abin ya fito fili na sha wahalar kwalliya. Atamfa ruwan ganye na sa, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara wanda na yi ta ɓoyo don irin ranar, hannuna ga jan lalle bai ko fara koɗewa ba. Na haɗa zoɓo da abarba, na zuba dambun nama a faranti. Ya shigo cikin shadda ruwan toka tana maiƙo, hula ta zauna daidai, ƙamshi ya riga shi sallama. Ko kallon lallen bai yi ba. Muna gama gaisawa ya zaro waya ya miƙo min wani tsohon hoto da ya koɗe.

Baba ne, da ƙuruciyarsa, ya jingina da ƙofar jar mota yana murmushin da ban taɓa ganin ya yi a gida ba. Anwar ya ce a wani baje kolin motoci aka ɗauka a Kaduna, shekaru da dama da suka wuce. Ya ce ya sa hoton a wani zauren masu sha'awar tsofaffin motoci a Fesbuk, suna can suna ta gardama har yau. Wasu sun ce MG ce, wasu sun ce Triumph, wani ya rantse Datsun ce, wani kuma ya dage a kan Jaguwa. Hancin motar ne zai raba gardamar, shi kuma 'yan kallo sun tsaya sun tare shi. Daga nan ya shiga jero min tambayoyi kamar ɗan sanda: fitilun gaba a cikin gilashi suke ko a waje, salansa ɗaya ce ko biyu, me aka zana a tsakiyar sitiyari.

"Anwar, wai ni ka zo gani ko salansa?"

Ya yi dariya. "Haba Muzdalifa, sha'awa ce kawai."

Ni kuwa da ma idona ba ya raina abu. Na ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma, sai ga hannun mutum a kafaɗar Baba. Hannu kawai, an yanke mai shi daga hoton, yankan kuma sabo ne, na waya. A ɗan yatsan akwai zoben azurfa mai jan dutse. Na ɗaga kai a hankali na dubi hannun da ke riƙe da kofin zoɓona. Zoben nan ne a ɗan yatsansa, ba kama ba ce.

"A ina ka samu hoton nan?"

"A intanet."

"Hannun wa ye wannan?"

"Wa ya sani? Taron jama'a ne ai."

Yana faɗa yana sauke kofin, ya mayar da hannun cikin aljihu. Ranar na fara kama shi da ƙarya, kuma na ji zafinta har cikin ƙashina.

Da na koma ciki sai zargina ya sami abokin zama, wato Inna. Ku da kuka daɗe tare da ni kun san yadda ta yi da Lukuman, wanda ya neme ni kafin Anwar. Ta tashi ƙanenta Kawu Sule tun daga Bunguɗu, ya tafi har 'Yankuzo bincike, aka tono asalin yaron nan har aka gano wai kakansa ya taɓa cin amanar tumakin da aka ba shi kiwo. A kan tumakin nan Inna ta rufe maganar, ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma Anwar fa? Ranar da na fara faɗa mata sunan mahaifinsa, Alhaji Abdulsalami na Tsafe, ludayi ne a hannunta ya suɓuce cikin tukunyar miya. Ta ce zafi ne. Tun daga ranar ba ta da magana sai ta ya turo.

"Inna, ba za a yi bincike ba?"

"Binciken mi? Yaron ga ɗan mutunci na. Ki ce mai shi turo magabatanai, ki bar ja mamu rai."

Matar da ta kori mutum a kan tumakin kakansa ce yau take cewa binciken me. Ruwa ba ya tsami banza. Na shiga ɗaki na kira Kawu Sule a ɓoye, na roƙe shi don Allah ya leƙa Tsafe ba tare da yayarsa ta sani ba. Ya yi ta gunaguni a kan hanya da halin da ake ciki, amma ya amsa. Sannan na buɗe WhatsApp na ɗana wa Anwar tarko. Na rubuta masa cewa na manta ban gaya masa ba, ai motar nan an daɗe da sayar wa 'yan gwangwan, sun yanka ta sun loda a kura, labarin kaji duk na da ne.

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga nan shiru.

Mutumin da kullum saƙonsa ke riga ni tashi, "Ranki ya daɗe, an tashi lafiya?", sai ga shi kwana da kwanaki ko ɗigo. A aji ina rubutu a allo ina leƙen waya kamar wadda ta ba da ajiya. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, domin abin da nake tsoro ne ya tabbata. Da Inna ta matsa min da tambayar ina yaron ya shiga, haushi ya sa na gaya mata abin da na rubuta masa. Ta dube ni kamar na zuba wa tuwonta ƙasa, ta tashi ta shige ɗaki.

Ranar Talata da safe ina ɗaura ɗankwali wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Ki yafe min shiruna, wani abu ne ya taɓa ni. Ko da mota ko babu, ke nake so. Kawunnaina za su zo ranar Asabar in kin amince."

Masu karatu, na karanta saƙon nan har na haddace shi. Na rungume wayar, na ce kaicona da mugun zato, bawan Allah ya ci jarrabawa. Ranar ko ɗaliban da suka ƙi yin aikin gida ban taɓa ba. Farin cikin nan bai kai la'asar ba.

Na dawo na tarar da babur ɗin Kawu Sule a ƙofar gida, shi kuma yana zaune a zaure bai shiga ba, hularsa a gwiwa. Ya ce ya je Tsafe, gidan mutunci ne, ba wanda ya faɗi aibin yaron. Maraya ne, yana goye mahaifinsa ya rasu. Sai ya rage murya ya ce Alhaji Abdulsalami ai aminin Baba ne na ƙut da ƙut, shi dai bai taɓa haɗa sunan da yaron ba sai yanzu. Tsofaffin unguwar sun ba shi labarin wata jar mota da Alhaji Abdulsalami ya saya hannun wani Bature da zai koma gida, wadda in ta shigo Tsafe yara ke bin ta da gudu. Shi da Baba suka kai ta baje koli Kaduna. Bayan dawowarsu ba da jimawa ba ciwo ya kwantar da Alhajin, bai tashi ba, motar kuma ba a sake ganin ta ba. Mutanen gidan sun ɗauka a Kaduna ya sayar. Matarsa ko sunan motar ba ta sani ba, hoto ɗaya da zobe kawai ta ajiye wa ɗanta.

Kawu ya dubi bangon da ya raba zaure da cikin gida.

"Ni dai na aza babanki saye yay yi," in ji shi. "Ban ce komi ba, Muzdalifa. Ki tambayi uwarki."

Na same ta a ɗaki tana ninke kayan wanki. Ban yi mata tsawa ba, ban iya ba, na dai durƙusa na ce Inna, motar wa ce a bayan ɗakin nan? Hannunta ya tsaya a kan zanin da take ninkewa. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta janyo wata tsohuwar kwalla daga ƙasan kabad, cikin kwanonin aurenta da ba a taɓawa. A ciki akwai ƙullin tsumma. Ta kwance, sai ga makulli da wani ɗan tambari mai nauyi, fuskar damisa ta buɗe baki, an rubuta sunan a jiki. Jaguwa ce. Mutanen Fesbuk na can suna ta hayaniya, amsar tana cikin kwallar Innata tun kafin a haife ni.

"Ajiya ta," ta ce. "Ba tamu ba ta."

Sauran a hankali ta faɗe shi, tana kallon ƙasa. Da suka dawo daga Kaduna, Alhaji Abdulsalami ya bar motar a nan don a duba mata wani abu a inji, ya hau ta haya ya tafi gida. Da ya rasu Baba ya ce sai an yi sadakar arba'in zai mayar. Arba'in ta wuce, ya ji dangi na rigima a kan gado, ya ce bari ƙura ta lafa. Ga shi kuma yana son motar kamar ransa. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, har abin ya kai inda in ya mayar sai an tambaye shi ina take tun tuni. Kunya ta sa ya cire tambarin, ya toshe ƙofa. A ciwonsa na ƙarshe ya kama hannun Inna ya ce, Saude, amanar Abdulsalami. Ita kuma ranar rabon gado, ga malamai ga 'ya'ya maza, ta kasa buɗe baki ta ce mijinta ya mutu da kayan maraya a gidansa.

"Sai Allah Ya kawo yaron ga har zaurenmu," ta ce. "Motar tana cikin kasonki. In kin aure shi, sai ta bi kayan ɗakinki ta koma gidansu, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Sunan babanki ya tsira."

Wato ni ce tsumman da za a ƙulle amanar a ciki a mayar. Maganar tumakin kakan Lukuman ta zo min har leɓe, na haɗiye ta, uwa uwa ce. Na share hawaye na ce to ai shi ke nan, ko ba komai Anwar ya nuna ni yake so, tunda na ce masa an sayar kuma ya ce zai turo. Na buɗe saƙon na nuna mata. Ba ta karɓi wayar ba, ta kau da kai.

"Ni nak kira shi jiya da marece. Na ce mai motar tana nan, wasa kike mai."

Jiya da marece. Saƙonsa kuma yau da safe. Na sake karanta "ko da mota ko babu", kalmomin da na wuni ina runguma, sai na ji kamar na tauna tsakuwa a shinkafa. Wataƙila da gaske yake, wataƙila ko Inna ba ta kira ba da zai dawo. Amma ta yaya zan sani? Inna ta ɓata min jarrabawar, shi kuma ya amsa tambayar da ya riga ya ga amsarta. In na yi shiru aka ɗaura, zan ƙare rayuwata ina kallon mijina ina tunanin ni ya aura ko abin da ke bayan ɗakin uwata.

Na ɗora tambarin a tafin hannuna, kan jan lallen da bai kalla ba, na ɗauki hoto na tura masa. Na rubuta: "Jaguwa ce, ka gaya wa mutanenka gardama ta ƙare. Ta mahaifinka ce, kai ma ka sani, shi ne ka yanke daga hoton. Ranar Asabar za a fasa katanga. Ka zo ka ɗauki abarka, ba sai da aure ba. Kada ka turo min kowa."

Inna ta yi kuka, ta ce zan tona asirin wanda ke kabari, unguwa duk za ta gani. Na ce mata Baba ba rufin asiri ya roƙa ba, sauke nauyi ya roƙa, kuma ni ba zan zama kayan rakiya ba. Yaya Bashar ya kira yana faɗa, na ce kasona ne, ku kuka ba ni kuna dariya. Kawu Sule kuwa ya tafi ya nemo magini.

Asabar da hantsi aka fasa bulon. Kaji suka watse, maƙwabta suka taru a bakin titi, kowa na tambayar kowa. Ni ina zaure bayan ƙyaure, ina leƙe ta kafa. Motar janwe ta tsaya, Anwar ya sauko shi kaɗai, ba shadda, ba ƙamshi. Ga ƙofar zaure a damansa, ga ɓarakar katanga a hagunsa. Ya tsaya tsakani.

Hagu ya yi.

Ya je ya share busasshiyar kuɓewar da ta maƙale a murfin, ya ɗora hannun nan mai zobe, sannan ya kifa goshinsa a kan ƙarfen, kafaɗunsa na rawa. Na shirya jin haushi, sai tausayi ya riga shi, domin sai lokacin na tuna mutumin nan bai san ko muryar ubansa ba. Aka ɗaure ta aka ja. Kawu ya miƙa masa makulli da tambarin. Kafin ya hau ya juyo ya dubi ƙofar zaure, ya buɗe baki kamar zai yi sallama, jama'a kuma sun zuba masa ido. Ya sunkuyar da kai ya shiga mota. Tun ranar wayata ba ta kawo sunansa ba, ni ma ban neme shi ba.

Yau Alhamis, an sauko daga la'asar. Bayan ɗakin Inna fili ne fetal, sai tabon baƙin mai a ƙasa da kaji suna zagaye suna neman wurin ƙwai. Na fitar da kujeru biyu zaure, na mayar da ɗaya, na sake fito da ita. Atamfar gida ce a jikina, lallen ma ya koɗe, ƙanƙarar zoɓon ta fara narkewa ina wannan rubutu. Babu sauran abin da zai kawo ɗan Alhaji Abdulsalami gidan nan sai ni. In ya yi sallama yau, zan san wa ya zo gani. In bai yi ba, shi ma na sani.